Kibiyoyin da Na Zana wa Maëlle

Litinin, 6 ga Oktoba, 1997

Taron malamai. Awa biyu cur a kan fentin bango da makullin banɗaki. Daga ƙarshe darakta ya gabatar mana da sabon malamin goge, Thibaut Rochegude. Shekara talatin da huɗu, gashi har kafaɗa, gyale naɗe a wuya kamar mai mura. Ya rusuna ya ce, "Madam Malaval, da faifanku na tashi a gidanmu." Na ce, "Na ji ka ta bango ɗazu kana gwaji. Da alama ba a ƙure muryar faifan ba." Ya yi dariya, a zatonsa wasa nake.

Yana da wata 'yar na'ura mai allura da yake ajiyewa gaban ɗalibai. Ka ja baka a kan tsirkiya, allurar ta gaya maka ko sautinka ya yi sama ko ya yi ƙasa. Wai makaɗi ke nan, yana tambayar batir ko ya yi daidai. Kuma ajinsa aka manna da nawa. Shekara ashirin da uku ina koyarwa a Lyon, sakamakon da na samu ke nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Maëlle Kerjean ta zo da takardar gayyata. Ƙungiyar makaɗan da ke Lille na neman mai goge guda ɗaya, gwaji ran 20 ga Nuwamba, a bayan labule, alƙalai ba sa ganin fuska, kunne kawai. Ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin, ita kuwa za ta cika a Janairu. Sau uku tana faɗuwa a wasu garuruwan. In ta faɗi wannan, sai komawa bakin teku, shagon kifin uwarta. Ta faɗa min haka tana murza hannu kamar ni zan yi mata kuka.

Cikin ɗalibai goma sha ɗaya ita kaɗai ce ba ɓata lokaci ba. Ba zan gaya mata ba, kanta zai kumbura. Hannunta na baka yana da kyau, ni na gina shi. Amma da zarar yatsanta ya hau can saman siririyar tsirkiya, sai sautin ya zube ƙasa. Shafi na huɗu na takardar kiɗan duk haka. Na ɗauki fensir na zana mata kibiya mai kallon sama a kan kowane sautin da ya gaza, yadda malamina Aubanel yake zana min. Kibiya tara yau.

Ta ce, "Madam, a gida ina jin kamar daidai ne."

Na ce a gida kowa gwani ne.

Talata, 14 ga Oktoba

Fiyanon ajina ya lalace daga sama. Na sa aka kira mai gyara. Ya zo yana warin tafarnuwa, ya yi minti ashirin yana ƙwanƙwasawa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce ya sake. Ya sake, ya ce lafiyarsa ƙalau. Tsohon mai gyaranmu da ya mutu bara, ko buguwa ya yi ya fi wannan kunne.

Bérengère tana zaune tana tsotsar alewar tarinta. Shekara arba'in tana kaɗa min fiyano, tun ina yawon duniya, kuma ban taɓa jin ra'ayi ya fito daga bakinta ba. Akwai mutanen da aka halitta don su juya shafi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kibiya ashirin da biyu. Yarinyar nan kurma ce ko taurin kai ne?

Laraba, 22 ga Oktoba

Rochegude ya tare ni a bakin injin kofi. Wai yana jin Maëlle ta bango, wai tana da baiwa, wai ko zan so ya saurare ta sau ɗaya, "kunne biyu sun fi ɗaya." Na ce ai kunne biyu gare ni, kuma duka suna aiki ba tare da batir ba. Ya yi ja har wuya. Gyalen ya yi masa amfani.

Abin da ya fi ba ni haushi, ladabinsa. Na saba da maƙiya, na san yadda ake yi da su. Wannan kuwa sai ya riƙe min ƙofa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ina yanka albasa rediyo ya sako faifaina na shekarar sittin da ɗaya. Na ajiye wuƙa. Farkon yana nan yadda na bar shi, ba ƙarya, ba wanda ke kaɗa haka yanzu. Amma da aka hau sama sai duk ya zube, ƙasa-ƙasa, abin kunya. Injinsu ne ke jan faifan a hankali. Na rubuta musu wasiƙa mai zafi, na ce in ba za su iya juya faifai daidai ba su koma karanta farashin dankali.

Bayan haka na ɗauko ƙarfen saiti na Aubanel, mai yatsu biyu, wanda ake daidaita sauti da shi, na buga a gwiwa na kai kunne. Sautinsa na nan daram, inda yake tun ina 'yar sha huɗu. To ke nan ba ni ba ce.

Me ya sa ma na gwada? Oho.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ranar ziyarar matattu. Na kai wa Aubanel furanni kamar kowace shekara. Maƙabarta cike da iyalai masu kukan sau ɗaya a shekara, suna duba agogo kada miya ta huce. Nasa kabarin ba kowa sai ni. Ɗalibai sama da ɗari ya yaye, ga abin da ya rage.

Na tsaya na tuna ranar da babana ya kai ni wurinsa a Paris, da hularsa ta ma'aikacin jirgin ƙasa a hannu. Aubanel bai ce in kaɗa komai ba. Ya juya ni na fuskanci bango, ya bugi kofin shayi da cokali, ya ce wane sauti ne? Na faɗa. Ya bugi marfin murhu, na faɗa. Mota ta yi hon a titi, na faɗa tun bai tambaya ba. Ya ce wa babana, "Hannu zan iya ƙera mata. Wannan kuwa ba a sayar da shi." Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa, bai taɓa ce min na yi kyau ba. In abu ya yi, sai ya ce "Daidai," ya juya shafi. Kalmar nan ɗaya na yi ta bi har na ci lambar farko, har Vienna da Montréal da Tokyo.

Na taɓa tsayar da makaɗa saba'in ana tsakar gwaji, na nuna mutum ɗaya a layin baya na ce ya ɗan sauko. Har yau ana ba da labarin. Kunnen Malaval. Saboda shi darakta ya kasa sallamata duk da na wuce shekarun ritaya, alhali na san kullum sai ya auna ajina da ido yana tunanin inda zai sa kabad.

Ruwa ya sauko, na dawo da jiƙaƙƙen takalmi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Gwajin gwaji yau, yadda aka saba kafin babban: a rataya labule a ƙaramin zaure, malamai uku su zauna su yi alƙalai. Ni, da Rochegude, da wata mai koyar da babban goge wadda barci ke ɗauka ko a jana'iza.

Maëlle ta kaɗa. A karon farko shafi na huɗu ya zauna min a kunne. Kibiyoyina sun yi aiki, kowane sauti ya hau inda na ce. Har na ɗan ji daɗi. Na waiga, sai na ga mai barcin nan idonta biyu, ta yamutsa fuska kamar ta tauna lemon tsami.

Rochegude ya yi gyaran murya ya ce, "Hannun baka babu na biyunsa. Amma a sama... ku yi haƙuri, Madam, ta haura. Sosai ma. Kusan duk shafin."

A gaban ɗalibata! Ban bar masa komai ba. Na tambaye shi a wane zaure ya taɓa tsayawa shi kaɗai. Na ce ranar da na fara kaɗawa gaban mutum dubu biyu uwarsa ko tsayuwa ba ta iya ba. Na ce ya je ya tambayi allurarsa ko ya iya ɗaura gyale. Ya tsaya ya shanye maganar duka, ya ce, "Na ji, Madam." Ya tattara takardunsa.

Na yi nasara. Abincin rana ya ƙi shiga.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Kibiya arba'in da ɗaya, na ƙirga.

Ana cikin darasi Maëlle ta sauke gogen daga kafaɗa, abin da ba a yi a ajina sai na ce. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da na san abin da zan ce. Ta tsaya ƙiƙam ta ce, "Madam, kiɗa biyu nake yi. Ɗaya naku, ɗaya na sauran mutane. Ranar Alhamis da Juma'a in ɗaga yatsa, sauran kwanaki in mai da shi. Yanzu yatsan ya rikice, bai san gidansa ba. Jiya na tsaya a kan sauti ɗaya rabin awa ban san inda zan sa shi ba. Saura kwana goma sha uku. Ku gaya min wanne zan kai Lille, shi zan kai."

Na ce wanda na koya mata.

Ta ce to. Haka kawai, to. Ta mai da gogen kafaɗa ta ɗaga yatsa. Wawiya. Da na ce ta faɗa kogin Saône da gogen a hannu, tambaya za ta yi ta wace gada.

Da ta fita na juya kan Bérengère na ce, "Ke kuma ba ki da baki? Gaya min ba daidai ta kaɗa ba."

Ta ciro alewar daga bakinta, ta naɗe a takarda, a hankali kamar mai aikin coci. Ta ce, "Hortense, shekara uku ke nan."

Na ce shekara uku me?

"Tun yaron nan ɗan Grenoble da kika kora. Shi ma ba ƙasa yake ba."

Na ce ta yi shiru shekara uku, yau ta ga dama? Ta ce, "Wa ke gaya miki abu? Ko mijinki, Allah ya ji ƙansa, a takarda yake rubuta miki in miya ta yi gishiri." Ta ɗauki jakarta ta tafi, ko rufe fiyanon ba ta yi ba.

Munafuka. Shekara arba'in ashe tana da harshe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yaron nan ɗan Grenoble, sunansa Aurélien. Na ji an ce yana sayar da inshora yanzu.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Likitan kunne, can wata unguwa inda ba wanda ya san ni. Na ba da sunan mijina. Yaro ne ƙarami da taye mai hoton agwagi. Ya sa ni a wani akwati, ya ɗora min abu a kunne, ya ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Ni. In ɗaga hannu in na ji ƙara.

Ya nuna min takarda da layi biyu, suna tafiya lafiya sai su gangara a ƙarshe, na hagu ya fi gangarowa. Ya ce, "Kin yi aiki a masana'anta ne, Madam? Kamar an shekara da shekaru ana ƙara a gefen nan." Na ce i, masana'anta, shekara sittin. Ya ce sautin tsakiya yana iso min daidai, shi ya sa ban lura ba, amma na sama yana iya zuwa a karkace, in ji shi ƙasa da inda yake. Ya ce ba ya gyaruwa. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, ba zai dame ni ba sam, "sai dai in ke makaɗiya ce."

Na biya na fito. Na shiga wani shago na sha kofi mara daɗi. Cokali ya bugi kofi a teburin kusa, na faɗi sautin a zuciyata kamar kullum, sannan na zauna ina tunanin ko shi ne.

Na tuna wasiƙar da na aika wa gidan rediyo. Tir.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Darasi. Ban faɗa ba.

Na sa Maëlle ta maimaita shafi na ɗaya da na biyu har lokaci ya ƙare. Ta tambayi na huɗu, na ce gobe. Bérengère ta zuba min ido, na zuba wa taga.

Lissafin a fili yake. In na yi shiru, za ta je ta haura, alƙalai su buga ƙararrawa tun ba ta kai ƙarshe ba, kowa ya ce tsoro ne ya kama ta, ai ta saba faɗuwa. Ba mai cewa Malaval. In na buɗe baki, kafin Litinin duk makarantar ta sani, kafin Kirsimeti darakta ya kawo min furanni da jawabi, ya sa kabad ɗinsa. Su yi ta tausayina a bakin injin kofi, mutanen da ba su kai su ɗaukar min akwatin goge ba.

Kifi ma sana'a ce. Mutane na cin kifi.

Na rubuta wannan na karanta, na ji ƙyamar mai rubutun.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na ce Maëlle ta ba ni takardarta. Na zauna a teburi na ciro kilina na shiga share kibiyoyin. Fensirin Aubanel nake amfani da irinsa, mai taushi, yana fita da sauƙi, amma na danna da ƙarfi a wasu wuraren saboda haushi, sai da takardar ta kusa hujewa. Tana tsaye tana kallo. Arba'in da ɗaya. Na hure garin, na miƙa mata.

Ta ce, "Madam?"

Na ce takardar ta yi datti, ba a zuwa gwaji da ƙazanta. Na ce ta ɗauki gogenta ta biyo ni.

Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa ta Rochegude, ban taɓa yin su ba. Na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, ya ga ni ce, ya gyara gyale kamar zan duke shi. Na ce, "Rochegude, hannun dama nawa ne, kada ka kuskura ka taɓa shi. Na hagu, daga tsakiyar siririyar tsirkiya zuwa sama, naka ne har ran Laraba. Kullum awa ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi takardar da ke cike da tabon sharewa. Na ga ya gane. Na jira ya rama, yana da haƙƙi, da ni ce ba zan bari ta wuce ba. Sai ya ce, "Ku zauna mana, Madam, ku riƙa duba mata kafaɗa, ni ba na ganin abin da kuke gani." Ya jawo min kujera.

Har yanzu ba na son gyalen.

Ya mai da na'urar cikin aljihun tebur kafin su fara. Ashe yana da kunne. Wa ya sani.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Yatsan ya fara tuna gidansa, in ji su. Mai tsaron ƙofa ya gaishe ni yau da wata murya mai laushi, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Labari ya zaga ke nan. Darakta na son ganina "in na samu sarari." Ban samu ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Darasi na ƙarshe kafin jirginta na ƙarfe huɗu zuwa Lille. A ajina muka yi, na ce a nan aka fara a nan za a gama. Rochegude ya tsaya jikin ƙofa, Bérengère a fiyano.

Ta kaɗa daga farko. Shafi uku ba abin cewa. Ta shiga na huɗu, ta hau sama, sai duk ya zube min a kunne, ƙasa-ƙasa, kowane sauti a gurguje, yadda ya dame ni tun Oktoba. Hannuna ya tafi neman fensir da kansa. Na zauna a kansa.

Na daina saurare, na koma kallo. Kafaɗa a sake, baka na tafiya miƙe, yatsa na sauka sau ɗaya ba ya laluba. Rochegude ya rufe ido. Bérengère ta kai wurin juya shafi ta manta ba ta juya ba, ta ci gaba da ka, alewar na kunci ba ta tsotsa.

Ta gama. Duk suka juyo suna kallona, ita ma, da bakan a sama. Har yanzu ni take jira, bayan duk abin da na yi mata. Abin da kunnena ya ji ba daidai ba ne ko kaɗan. Tun ina 'yar sha huɗu ban taɓa faɗin abin da ban ji ba.

Na ce, "Daidai." Na juya shafi.

A nan ne ta yi kukan, ta ɓata min lokaci, har ta kusa rasa jirgi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Maëlle ta bugo waya da hantsi, tana ta ihu, layin na ƙara, da kyar na tsinci maganar. Cikin mutum sittin da uku ita aka ɗauka. Za ta fara a Janairu, mako guda kafin ta cika talatin. Wai shugaban alƙalan ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce Madam Malaval, ya ce ai ya sani, wannan tsabtar sauti a sama sai ɗaliban Malaval. Jaki. Na ce ta je ta gaya masa sunan Rochegude, ta rubuta masa a takarda in bai iya ji ba.

Ta ce ta ga ƙarfen saiti a cikin akwatin gogenta, ko mantuwa na yi? Na ce mantuwa ce, amma kada ta wahalar da kanta da aikowa.

Na ga darakta. Ƙarshen Yuni zan ajiye aiki. Na ce ban son jawabi, in ya yi zan gyara masa nahawu a gaban mutane.

Na nemo adireshin Aurélien a wurin sakatariya. Takardar na kan tebur, na rubuta kwanan wata da sunansa. Sauran sai gobe, ko jibi.

Da yamma na ɗauko faifan sittin da ɗaya na ɗora a injina, wanda na san lafiyarsa ƙalau. Yarinyar da ke ciki ta hau sama, ta zube, ƙasa-ƙasa. Ban tashi na ɗage allurar ba. Na bar ta ta kai ƙarshe, tunda an ce daidai take.